Ƙarin Gidaje a Funtuwa da Malumfashi: Shin Kayayyakin More Rayuwa Za Su Iya Ɗauka?

A 'yan shekarun nan babu wata hanya da ta fita daga garin Funtuwa, ko ta Zariya, ko ta Gusau, ko ta Bakori, ko kuwa ta Dandume, wadda ba a ganin sababbin gine-gine a gefenta. Gonakin da aka saba gani cike da masara da auduga sun koma fulotai, an kakkafa duwatsun iyaka, wasu an ja musu katanga, wasu kuma ginin ya tsaya a linta ana jiran kuɗin kaka. Haka lamarin yake a Malumfashi da sauran manyan garuruwan wannan shiyya. A cikin tsofaffin unguwanni kuwa, gidan da magidanci ɗaya ya gina domin iyalinsa ya zama gida uku ko huɗu bayan rabon gado, zaure ya koma shago, tsakar gida kuma an cike ta da ɗakunan haya.

Wannan ya sa jama'a da dama ke tambaya ko waɗannan garuruwa za su iya ci gaba da ɗaukar ƙarin gidaje. Tambayar tana bisa hanya, sai dai ya kamata a fahimci cewa ba fili ake magana a kai ba, domin fili kam akwai shi. Abin da ake nufi shi ne ruwan sha, da magudanan ruwa, da wutar lantarki, da hanyoyi, da makarantu, da asibitoci, da wurin zubar da shara, har ma da maƙabarta, wato abubuwan da ake kira kayayyakin more rayuwa, waɗanda gida ke dogara da su amma babu magidancin da zai iya samar da su shi kaɗai. Mutum yakan iya gina gidansa cikin shekara ɗaya idan Allah ya hore masa, amma madatsar ruwa da matatarta sukan ɗauki shekaru masu yawa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tushen matsalar.

Yadda garin ya taso

Maska tsohon gari ne da ya yi suna a ƙasar Katsina wajen saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau sarautar Sarkin Maska ce Hakimin Funtuwa ke riƙe da ita, kamar yadda Galadiman Katsina yake Hakimin Malumfashi. Abin da ya ɗaga Funtuwa a kan maƙwabtanta shi ne layin dogo da aka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa ta nan zuwa Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a shekarar 1929, tare da injin gurzar auduga na kamfanin BCGA. Auduga da gyaɗa suka jawo 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan ƙodago daga sassa daban-daban, unguwanni irin su Sabon Gari suka kafu. A tsakiyar shekarun 1970 aka ƙaddamar da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa guda uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe, wanda ya kawo hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki. Masaƙar Funtuwa da masana'antar matse angurya su ma suka ƙara jawo jama'a.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, Funtuwa ta riga ta zama gari na biyu a girma a jihar, kuma cibiyar shiyyar kudu mai ƙananan hukumomi 11 a yau. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Funtuwa tana da mutane kimanin 225,000, ta Malumfashi kuma kimanin 183,000, a jihar da ke da mutane miliyan 5.8. Idan al'umma tana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara, to takan ninka cikin shekaru 23 zuwa 24. Ke nan ko da babu baƙo ɗaya da ya shigo, haihuwa kaɗai ta isa ta kusan ninka wancan adadi zuwa yanzu.

Amma baƙi sun shigo. Matsalar tsaro da ta addabi sassan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara ta tilasta wa iyalai da yawa barin ƙauyukansu, suka samu mafaka a gidajen 'yan uwa, ko gidajen haya, ko kuma gine-ginen da ba a kammala ba. Da yawa daga cikinsu sun sa 'ya'yansu a makaranta, sun kama sana'a, kuma ba lallai ne dukkansu su koma ba ko da al'amura sun daidaita. Har ila yau, tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Funtuwa a shekarar 2024 wani dalili ne da zai ƙara jawo manyan motoci da ma'aikata. Duk wani lissafi da za a yi kan makomar garin wajibi ne ya haɗa da waɗannan mutane.

Ruwan sha shi ne ma'auni na farko

Mai karatu zai iya mamakin a ce ruwa ne babban ƙalubale a yankin da ya fi ko'ina samun damina a jihar. Gaskiya ne cewa ruwan saman da ke sauka a Funtuwa yakan kai milimita 1,000 ko fiye a shekara, alhali a arewacin jihar bai cika wuce 600 zuwa 700 ba. Sai dai akwai abubuwa biyu game da yanayin ƙasar da ya kamata a sani.

Na farko, Funtuwa tana kan tudu ne inda koguna ke farowa, ba inda suke taruwa ba. Kogin Sakkwato kansa daga kusa da nan ya samo asali kafin ya gangara ta Gusau. Saboda haka babu wani babban kogi mai gudu rani da damina da ya ratsa garin, kamar yadda Kogin Kaduna ya ratsa Kaduna. Ruwan da garin zai sha daga Nuwamba zuwa Mayu tilas sai an tare shi tun da damina, kuma aikin da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye ke yi ke nan, haka ma madatsar ruwa ta Malumfashi. Madatsa kuwa tana da iyaka, kuma iyakar raguwa take yi a hankali. Duk shekara ruwa yana wanko ƙasa daga gonakin da ke sama ya jibge ta a cikin tafkin, musamman inda aka sare itatuwa aka yi noma har bakin ruwa. Mai kallo daga waje zai ga tafki ya cika ya batse a watan Satumba, bai san rabon laka a ciki ya ƙaru ba. Bugu da ƙari, abin da rana da iskar hunturu ke kwashewa daga saman tafki a shekara yakan zarce abin da sama ke zubawa a kansa kai tsaye, ga kuma masu noman rani da makiyaya da su ma suke da haƙƙi a ruwan.

Na biyu, ƙarƙashin ƙasar wannan yanki dutse ne mai tauri. Ruwan ƙasa ba ya kwanciya a cikinsa kamar yadda yake kwanciya a yankuna masu yashi, sai dai a saman dutsen inda ya rududduge, ko a cikin tsagoginsa. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a wani gida a samu ruwa mai yawa, a haƙa a gida na uku a tashi a tutar babu. Idan kuma rijiyoyi da yawa suka taru a kan tsagi ɗaya, to kowa daga tukunya ɗaya yake ɗiba, kuma wanda ya fi zurfin rijiya da ƙarfin inji shi ke shanye na maƙwabta, rijiyoyin guga su fara ƙafewa tun kafin bazara. Masu cewa kowane sabon gida ya haƙa tasa burtsatsen a huta ba su yi la'akari da wannan ba. Dabarar tana aiki a unguwar da ke da gidaje ashirin, amma ba ta ɗorewa idan gidajen suka kai dubu biyu.

Yana da kyau a yi ɗan lissafi domin a ga girman abin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 na ruwa a kullum domin sha da girki da wanka da wanki da tsafta. A ɗauka an yanka sabuwar unguwa mai gidaje 1,000, kowane gida da mutum 8. Ko da a mafi ƙarancin ma'auni, wato lita 50, unguwar tana bukatar lita 400,000 a kowace rana. Idan babu famfo, wannan daidai yake da jarka 16,000 mai cin lita 25 da 'yan garuwa za su turo a kura kullum. Kuɗin da iyali ke kashewa a wannan hanya a wata ya ninka abin da za su biya Hukumar Samar da Ruwan Sha sau da yawa, kuma talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa, domin mai hali ya riga ya haƙa tasa.

Samun ruwa a madatsa ma ba ya nufin ruwa ya isa gida. Sai an tura shi zuwa matata, an sa masa sinadarai, an tura shi manyan tankuna, sannan ya bi bututu zuwa unguwanni, kuma kowane mataki yana bukatar wuta ko man dizal. Bututun da aka binne domin gidaje ɗari biyu, idan aka jona masa gidaje dubu, ƙarfin ruwan zai ragu har ya kasa kaiwa ga na ƙarshen layi. Akwai darasi a kan wannan a cikin jiharmu. An kammala madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-ma tun a shekarar 1983, amma sai a shekarar 2021 aka ƙaddamar da kashi na farko na aikin tace ruwanta da tura shi zuwa birnin Katsina. Ruwan yana nan kwance shekara da shekaru, matata da bututu ne suka yi jinkiri.

Inda ruwan sama zai bi

Ruwan da ake nema ido rufe da rani shi ne kuma ke rusa gidaje da damina, kuma yawan gine-gine yana da hannu a ciki kai tsaye. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 500,000 ke sauka a kan kowace hekta ɗaya. Muddin wannan hekta gona ce, ƙasa da shuka za su shanye kaso mai yawa, sauran kuma ya gangara a hankali. Da zarar an rufe ta da kwano da siminti, kusan dukkan ruwan zai kwararo kan titi cikin 'yan mintoci, ya nufi unguwar da ke gangare. Sau da yawa waɗanda ambaliya ke ci ba su ne suka yi sabon gini ba, mazauna tsohuwar unguwa ne da kwalbatinsu aka auna shi tun lokacin da saman gari gonaki ne.

A nan ya dace a yi maganar kududdufai. Kakanninmu sun haƙa su ne domin ɗibar ƙasar gini, amma daga baya suka zama ma'ajiyar ruwan sama: su karɓi ruwa lokacin da ake tsuga shi, su sake shi a hankali zuwa cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su amfana. Gaskiya ne kududdufi yana tara sauro da ƙazanta idan aka yi sakaci da shi, kuma yakan ci yara. To amma cike shi da shara a yanka fulotai a sayar, ba tare da an gina magudanar da za ta karɓi aikinsa ba, daidai yake da tura ruwan cikin ɗakunan mutane. Birnin Kano ya rasa kududdufai masu yawa ta wannan hanya, kuma mazauna cikinsa sun san abin da ya biyo baya. Gidan da aka gina a kan cikon shara kuma harsashinsa ba ya zama daram, ko ba jima ko ba daɗe bango zai tsage. Haka nan gini a fadama ko a kan hanyar rafi. Rafin da ya shekara goma bai kawo ruwa ba bai mance hanyarsa ba, kuma ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta hallaka mutane fiye da 40 cikin dare ɗaya, ta isa abin tunawa.

Batun masai shi ma yana da alaƙa da wannan. Garuruwanmu ba su da babban bututun kwashe bayan gida, kowane gida da masansa ko sokawe. Ƙa'idar da masana kiwon lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 tsawonsa duka-duka mita 30 ne, faɗinsa kuma mita 15. Idan aka raba shi biyu ko uku, babu yadda za a yi wannan tazara ta samu, kuma ko mutum ya kiyaye a gidansa, bai san inda maƙwabcinsa ya haƙa nasa a bayan katanga ba. Da damina ruwan ƙasa yakan taso ya haɗe su. Bututun famfo da ya fashe a cikin kwata shi ma yakan zuƙi ƙazanta a lokacin da aka ɗauke ruwa, ya kai ta gidaje idan an dawo da shi. Annobar kwalara ta shekarar 2021, wadda ta shafi jihohi da yawa kuma Funtuwa na cikin wuraren da ta fi tsananta a jihar nan, ta nuna cewa cunkoson gidaje ba tare da tsaftataccen ruwa ba lamari ne da ya shafi rayuka.

Wuta, hanya da makaranta

Funtuwa tana da babbar tashar rarraba wuta a kan layin da ya taso daga Zariya zuwa Gusau, kamfanin KEDCO kuma shi ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun shekarar 2013. Ƙarancin wuta matsala ce ta ƙasa baki ɗaya, amma akwai ɓangaren da ya shafi unguwa: kowace taransifoma tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, idan aka yi ta jona mata sababbin gidaje da injinan niƙa da na walda sai ta ƙone, unguwa ta shiga karo-karo. Wutar sola ta rage wannan damuwa ga masu hali, kuma a ganina wuta ce matsalar da ta fi sauƙin gyarawa daga baya, domin turke da waya ba sa bukatar fili mai yawa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne gini a ƙarƙashin babban layi, wanda ƙa'ida ta ware masa faɗin mita 30.

Hanya kuwa ba haka take ba. Lungun da aka bari mai faɗin ƙafa goma ba zai taɓa faɗaɗa ba sai an rushe gidan wani. Motar kashe gobara ba za ta shiga ba, haka motar kwasar shara da ta yashe masai, kuma babu gefen da za a gina lambatu ko a binne bututu. Makaranta da asibitin sha-ka-tafi da maƙabarta su ma fili suke bukata, kuma idan ba a ware shi ranar da ake awo ba, daga baya sai dai a saya da tsada ko a rasa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa ajin firamare a tsakiyar Funtuwa ko Malumfashi zai auna da kansa.

A cika ciki ko a faɗaɗa waje?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa maganin cunkoso shi ne gari ya bazu. A wannan yanki bazuwar tana da tsada iri biyu. Ƙasar da ake yankawa tana cikin mafi albarka a jihar, ita ke cika kasuwannin Dandume da Bakori da Funtuwa da masara da dawa da waken suya, kuma gonar da ta zama fuloti ba ta komawa gona. Manomin da ya sayar yakan ga kuɗi masu kauri a rana ɗaya, bayan shekara biyu kuma ya koma sayen hatsi da tiya. Sannan gidajen da suka warwatsu, ɗaya nan ɗaya can da kangwaye a tsakani, sun fi tsadar yi wa aiki, domin kilomita ɗaya na bututu ko kwalta kuɗinsa ɗaya ne ko gida 20 ne a kansa ko 200.

Saboda haka ne Hukumar Kula da Matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ɗauki yawan jama'a a wuri ɗaya a matsayin illa ba. Shawarar da ta bayar ita ce gari mai tsari ya ƙunshi aƙalla mutum 15,000 a kowace murabba'in kilomita, da sharaɗin a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na filin domin tituna. Ƙasar Singafo, wadda ta kafa hukumar gidajenta a shekarar 1960, ta zaunar da kusan kashi 80 cikin 100 na mutanenta a dogayen benaye da gwamnati ta gina, kuma ba a jin kukan ruwa ko kwata, domin an riga an kai su kafin mutane su tare. Ba ana cewa Funtuwa ta zama Singafo ba ne. Abin lura shi ne abin da ya bambanta unguwa mai yawan jama'a da unguwa mai cunkoso shi ne wanda ya riga zuwa tsakanin titi da gida.

Bene mai hawa ɗaya ko biyu a bakin manyan tituna, shaguna a ƙasa gidaje a sama, zai iya ɗaukar ƙarin jama'a ba tare da an taɓa gona ba. Amma akwai abin da al'adarmu da addininmu suka tanada wanda bai kamata a yi watsi da shi ba, wato sirrin tsakar gidan maƙwabci. Tagar bene da ke kallon inda matan wani ke aikace-aikacensu ta sha haddasa shari'a. Mai zanen gini da ya san aikinsa yana iya magance wannan ta hanyar ɗaga taga ko juya ta wajen titi, kuma yana daga cikin abubuwan da ake dubawa kafin a amince da zane. Haka nan harsashin da aka yi domin gidan ƙasa ba a ɗora masa bene sai injiniya ya duba.

Abin da doka ta tanada, da wanda zai biya

Dokar Amfani da Filaye ta shekarar 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun Gwamna bisa amana. Shi ke da ikon ayyana yankin da ake ɗauka birni, kuma a cikinsa shi ke ba da takardar shaidar mallaka, a wajensa kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani na gargajiya. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta shekarar 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a yanka fili. A jihar nan Ma'aikatar Filaye da Hukumar Tsara Birane da Yankuna ke kula da wannan. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina titunan cikin gari da magudanai, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba.

Duk da haka, yawancin sababbin unguwanni ta hanyar awon igiya suke samuwa: mai gona da dillali su auna, su bar ɗan lungu, a rubuta takardar ciniki a gaban shaidu. Bai kamata a yi wa masu saye kallon masu laifi ba. Fulotin awon igiya ya fi araha, ana samunsa nan take, wani lokaci ma a biya kaɗan-kaɗan, alhali fulotan gwamnati ba su isa ba. Rukunin gidajen da gwamnatoci ke ginawa, tun daga masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari zuwa yau, suna da amfani, amma ɗaruruwa ne a inda ake bukatar dubbai. Mafi yawan gidaje mutane ne ke gina abinsu, bulo bayan bulo, kuma haka za a ci gaba.

Idan haka ne, aikin da ya fi riba ga hukuma shi ne ta riga masu gini isa wurin. Fitar da manyan tituna da greda, da kafa musu alamu, da ware filin makaranta da asibiti da maƙabarta da hanyar ruwa tun wurin yana gona, ba ya bukatar kuɗi masu yawa idan aka kwatanta da biyan diyyar rushe gidaje. Kwalta da bututu suna iya zuwa daga baya muddin an bar musu wuri. Hukumomin birnin Niyok na Amurka sun zana titunan tsibirin Manhatan tun a shekarar 1811 lokacin da yawancinsa gonaki ne, kuma a kan wannan zane birnin yake har yau. A nan gida ma ana iya sasantawa da masu gonaki: maimakon a karɓe gona a biya diyyar amfanin da ke kanta kawai, abin da ke sa manoma gaggawar sayarwa kafin gwamnati ta iso, sai a tsara filin a mayar wa mai shi wani kaso na fulotan, waɗanda darajarsu ta riga ta ƙaru saboda titi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suna da muhimmiyar rawa a nan, domin babu cinikin gona da ake yi ba da saninsu ba.

Sai batun kuɗin kula da kayan. Matatar ruwa tana cin sinadarai da wuta kullum, magudana tana bukatar yasa kafin kowace damina. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 game da bai wa ƙananan hukumomi kuɗaɗensu kai tsaye ya shafi wannan fanni, tunda magudanai da shara a wuyansu suke. Amma kason wata-wata kaɗai ba zai riƙe gari mai girman Funtuwa ba sai an haɗa da kuɗin ruwa da harajin gidaje, kuma ba a iya karɓar waɗannan sai an san yawan gidajen, wanda shi ne amfanin sa musu lamba da yi musu rajista. Jama'a kuma ba sa jin daɗin biyan kuɗin famfon da ba ya kawo ruwa, don haka gyara da karɓar kuɗi tare suke tafiya.

Kafin a biya kuɗin fili

Ana shawartar duk mai niyyar sayen fuloti da ya fara tuntuɓar ofishin shiyya na Hukumar Tsara Birane domin tabbatar da cewa wurin yana cikin tsarin da aka amince da shi, kuma bai faɗa kan titi, ko filin makaranta, ko gefen layin dogo, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Ya je ya ga filin da idonsa a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ba a watan Maris ba lokacin da ko'ina ya bushe. Ya tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, ya kuma tambayi waɗanda suka riga shi gini zurfin rijiyoyinsu da watan da suke ƙafewa. Ya auna faɗin hanyar da aka bari tun daga bakin babban titi har ƙofar filin, domin sau da yawa takan faro da faɗi ta ƙare a matse.

Wanda kuma ya riga ya fara gini yana iya rage wa unguwa nauyi ta hanyar barin wani sashe na tsakar gida ba siminti, da shawartar maƙwabta kafin haƙa masai ko rijiya, da kuma sa indararo da tanki. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana karɓar kimanin lita 100,000 na ruwan sama a damina ɗaya a wannan yanki, ruwan da in ba a tare shi ba kan titi zai kwarara.